KASUWAR KURMI DA KUƊIN TIKE

Jawabin da wakilinmu ya gabatar a Tasawa, a gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na Tasawa da Baudeta da Mayahi.

Alhazai da hajiyoyi, iyayenmu masu sana'a, malamai, ma'aikatan gwamnati, da ƴan'uwana matasa da ke tsaye can baya, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa waɗanda suka rufe rumfunansu da wuri don su zo su saurari ɗan jarida. Na san abin da rufe rumfa yake nufi ga wanda cefanen gidansa ke fitowa daga cinikin yini, saboda haka ba zan ɓata muku lokaci da koya muku ciniki ba, kun fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Aikina karatu ne da tambaya, kuma abin da na karanta da abin da nake tambaya su zan shimfiɗa a gabanku.

Tun daga Taron Ƙasa na 1991, lokacin da aka buɗe ƙofar jam'iyyu, cikin alƙawuran da kunnuwanmu suka fi sabawa da su akwai alƙawarin gina kasuwa ta zamani: mai katanga, mai ƙofofi, mai rufi, mai daɓen siminti. Duk sa'ad da aka faɗa mukan tafa, kuma ba laifi muka yi ba. Wanda ya taɓa ganin iskar farkon damina ta kwashe rumfunan zana a kasuwar ƙauye, ko ya ga tsohuwa tana rufe garin rogonta da gefen zanenta saboda yayyafi, ba zai raina rufi ba. Amma kafin mu sake tafawa, ina so mu leƙa tsohuwar kasuwar da kakanninmu suka ci, wadda har yanzu wasunku ke ci, wato Kasuwar Kurmi ta birnin Kano, mu ga me ya riƙe ta sama da shekara 500, me kuma ya rage mata ƙarfi.

Wanda ya taɓa shiga Kurmi ya san fasalinta. Lunguna ne masu ƙunci, rumfa manne da rumfa, rufin wannan ya kusa taɓa na wancan, har mutum kan yi doguwar tafiya a cikinta rana ba ta same shi ba. In jaki ya shigo da kaya, sai kowa ya manne da bango. Tarihin Kano ya danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwar birni. Sunan kasuwar da kansa yana faɗa mana abin da ke wurin tun farko: kurmi ne a bakin ruwan Jakara, wanda mutanen da suke girmamawa suna tsoronsa. Sarki ya mai da wurin tsoro wurin taruwa, a tsakiyar birni, inda kowace unguwa za ta iya zuwa da ƙafa.

A zamanin wannan sarki ne Shehu Magili, malamin nan na Tilimsan, ya sauka Kano bayan ya ratso ƙasar Abzin, ya kuma rubuta masa ɗan littafi a kan wajiban sarakuna. Abin da ya ja hankalina a littafin shi ne inda ya ƙare: babi biyun ƙarshe a kan dukiya suke, ɗaya a kan hanyoyin da ya halatta a tara ta, ɗaya a kan inda ya wajaba a kashe ta. Wato tun ranar da aka haifi Kurmi, an haife ta tare da tambayar da na zo da ita yau: abin da ake karɓa a hannun mai rumfa, ina yake tafiya?

Kada wani ya ce wannan labarin Kanawa ne, ina ruwanmu. Garin da muke zaune a cikinsa yanzu zango ne a kan hanyar Kurmi. A watan Janairu na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri daga Abzin zuwa Damargu, ya sauka nan Tasawa, daga nan ya bi ta Gazawa zuwa Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. A nan Tasawa ya ga ana ƙirga wuri 500,000, biyar-biyar, da hannu, abin ya ba shi mamaki har ya rubuta shi. Keso 25 ke nan, tun da keso ɗaya wuri 20,000 ne. A farashin Kano na lokacin, wuri 2,500 ke sayen dala ɗaya ta azurfa, saboda haka wannan tulin duka dala 200 ne. Ku dubi yadda kalma ke daɗewa bayan abin ya tafi: mu ma yau muna cewa dala, amma dalarmu 200 jikka guda ce, wadda yaro kan kashe a katin waya kafin azahar.

Abin da ake kaiwa Kurmi, da yawansa daga wajenmu yake fitowa. Gishirin Bilma, kanwa, raƙuma, fatu, dawaki. Abin da ake saye a can kuma, da yawansa wajenmu yake dawowa. Turkudin da marina da mabugan Kura ke yi, mai ƙyalli, shi ne rawanin Buzayen Agadas. Barth ya ƙiyasta cewa tufar da Kano ke fitarwa a shekara ta kai ta wuri miliyan 300, a lokacin da iyali guda ke iya cin shekara da wuri 50,000 ko 60,000, kuma ya ce tana kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus da Tumbutu. Agalawa, waɗanda suka yi suna a fataucin goron Gwanja, waɗanda daga cikinsu Alhasan Dantata ya fito, asalinsu daga ƙasashen Abzinawa suka gangara. Larabawan Gadamas kuwa unguwa guda suka yi a birni, Dandalin Turawa, domin a wancan zamani in an ce Bature, Balarabe ake nufi.

To, me ya sa mutumin Gadamas da na Barno da na Tasawa suka yarda su zuba dukiyarsu a wuri ɗaya, a garin da ba nasu ba, a hannun mutanen da ba danginsu ba? A nan nake so mu tsaya. Shekara 27 kafin Barth, a 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wani Baturen Ingila mai suna Clapperton ya zauna a Kano, ya shiga Kurmi, ya rubuta abin da ya gani. Ya ce kasuwar na ci kullum, daga hudowar rana zuwa faɗuwarta. Ya ce kowane kaya da ɓangarensa. Ya ce sarkin kasuwa ne ke ba da hayar rumfuna wata-wata, kuɗin kuwa cikin kuɗin shigar sarki suke. Sa'an nan ya faɗi abin da ya fi kome. In mutum ya sayi riga ko turkudi a Kurmi a ƙunshe, ya kai shi Barno bai kwance ba, ya buɗe a can ya tarar da aibu, sai ya mayar da shi Kano. Sunan dillalin da ya sayar yana rubuce a cikin ƙunshin. Dillali zai nemo mai kaya, dokar Kano kuma ta tilasta masa mayar da kuɗi.

Alhazai, ku auna wannan da kyau. Tsakanin Kano da Barno tafiyar makonni ce a bayan raƙumi. Babu waya, babu banki, babu takardar duwan. Amma mai saye ya yarda ya biya kuɗin kayan da bai kwance ba, saboda ya san akwai suna a ciki, akwai kuma hukumar da za ta kama mai sunan. Wannan ɗan rubutu da ke cikin ƙunshi ya fi dukan bangon kasuwar tsada. Shi ya sa tufar Kano ta yi daraja a inda ba a taɓa ganin Bakano ba. Yau wa ke sayen buhun taki ko kwalin magani a kasuwanninmu da irin wannan kwanciyar rai? In manomin Baudeta ya sayi irin wake, ya shuka bai fito ba, ƙofar wa zai buga?

Kuma dillali ba shi kaɗai ke tsaye ba. Akwai sarkin kasuwa, akwai sarkin fawa a kan mahauta, akwai korama a kan masu awon hatsi, akwai alƙalin da ke yanke rigimar ciniki tun ƙura ba ta lafa ba. Akwai fatoma, maigidan baƙi, wanda ke sauke bafatake, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ba da bashi. La'adar da dillali ke ci, da ihisanin da fatoma ke samu, kowa ya san aikin da aka yi aka ci su. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Kurmi ta wancan zamani an ci ladan, an kuma yi askin, ko da wani sa'i aska ta yi kaifi fiye da kima.

Ba zan yi muku kwalliyar tarihi ba. A cikin wannan kasuwa mai tsari, Clapperton ya ga dogayen rumfuna biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, inda ake zaunar da bayi jeri-jeri ana taya su. Wasunsu daga yaƙe-yaƙen da ake yi a wannan yanki namu aka kamo su, tsakanin Katsina da Maraɗi da Damagaram, kuma mu ma kasuwanninmu ba su tsira daga wannan ciniki ba. Tsarin da ya kare haƙƙin mai sayen riga bai kare ɗan Adam ɗin da aka sa wa farashi ba. Duk wanda zai yi mana wa'azin komawa ga tsarin da, sai ya haɗa da wannan a lissafinsa.

A watan Fabrairu na 1903 sojan Ingila suka ci Kano, aka rufe cinikin bayi a fili. A 1904 aka rushe tsohuwar kasuwar, aka sake gina ta, aka buɗe a 1909 zamanin Sarki Abbas, da rumfunan ƙasa 755, da masallaci, da ɗakin shari'a. Lalle sabon gini ya fi na da kyau da tsari, an kuma ƙidaya rumfuna don kuɗin haya su shiga baitulmali daidai. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. A 1911 layin dogo ya iso Kano. A shekarar nan kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Ayarin Sahara, wanda dama ya fara rauni, ya mutu murus. Gyaɗa ta zama sarauniya, ita kuwa gyaɗa tasha take nema, tashar kuma a wajen ganuwa take. Sai kantunan Turawa da na Kwarori suka tsiro a Fage da kewayen tasha, Sabon Gari ya kafu da tasa kasuwa. Kurmi ta samu sabon rufi a daidai lokacin da hanya ta juya mata baya.

Yau mai neman yadi Kantin Kwari yake zuwa, mai wake da riɗi Dawanau, mai canjin sefa da naira Wapa. Kun fi ni sanin waɗannan wurare, wasunku a can suka yi sallar Juma'ar da ta wuce. Duk da haka Kurmi ba ta mutu ba. Can ne dukawa suke, da masu sirdi da linzami da kayan adon doki, da masu kanwa da turare da saiwoyin magani, da masu ƙwarya da tsakiya, da masu littattafan addini waɗanda almajiran ƙasar nan suka yi karatu da su. In hawan salla ya matso, ko za a yi wa ƴa kayan ɗaki na gargajiya, birni kan tuna da ita. Rumfuna da yawa gado ne, jika na zaune inda kakansa ya zauna, maƙwabcinsa ma haka, shi ya sa har yanzu mutum kan bar rumfarsa a buɗe ya tafi masallaci.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da mudu. Kasuwa ita ce jaridar gari tun ba a san jarida ba, ina faɗin haka ne ina sane da cewa sana'ata nake rage wa daraja. Can ake jin wanda ya mutu, da wanda aka naɗa, da farashin gero a Damargu. Can mai shela ke tsayawa. Can kuma siyasa ke samun ƙafafu. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya ja ragamarta, ƙarfinta na wajen ƙananan ƴan kasuwa da teloli da mahauta da masu sana'ar hannu. Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, ita ma a tasha da kasuwa ta yi saiwa, a Maraɗi da Tasawa da Damagaram, kuma da aka haramta ta a 1959, da yawa daga cikin mutanenta Kano suka gudu, ƴan NEPU suka sauke su. A shekarun 1990, in ƴan ƙwadago ko ƴan adawa suka kira ranar zaman gida, ba ofisoshi ake dubawa don a san ko kira ya karɓu ba, ƙofar kasuwa ake dubawa. Masu mulki sun san haka sarai. Shi ya sa rabon rumfa bai taɓa zama aikin magina kaɗai ba.

Yanzu mu dawo gida, mu dubi kasuwa mai rufi irin wadda ake yi mana alƙawari. Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a ƙarshen watan Maris na 1982, zamanin Seyni Kountché. Aka watsa ƴan kasuwa zuwa wuraren wucin gadi, aka kashe abin da ya kai miliyar 5 na sefa, aka buɗe sabuwa a 1987, da katanga da manyan ƙofofi da dubban wuraren zama, aka danƙa ta ga kamfanin SOCOGEM. Gini ne na alfahari, duk baƙon da ya zo Yamai sai an kai shi. A 2009 wuta ta sake cin wani sashe nata. A 2012 Ƙaramar Kasuwar Yamai ta ƙone, ba a kuma mai da masu ita wurinsu ba. Rood Woko ta Wagadugu ta ƙone a 2003, sai a 2009 aka sake buɗe ta. Babbar kasuwar Lome ta ƙone a Janairun 2013. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi asarar dubban shaguna cikin dare ɗaya a watan Maris na 2016. Kermel ta Dakar, ginin zamanin Faransa mai kyan gani, ta ƙone a 1993, ita kam aka yi sa'a aka mai da ita yadda take a 1997.

Duk sa'ad da haka ta faru mukan ce ƙaddara ce, kuma babu musulmin da zai musa ƙaddara. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ku shiga kowace babbar kasuwa mai rufi a yankin nan ku ɗaga kai, ku ga wayoyin lantarki yadda suka sarƙe kamar saƙar gizo, kowa ya ja nasa daga na maƙwabci. Ku duba ƙasa, ku ga hanyoyin da mai zanen gini ya bari don motar ƴan kwana-kwana, yau tebura ne cike da su. Waɗannan tebura ba daga sama suka faɗo ba. Wani ya ba da izini, wani na karɓar kuɗinsu kowace safiya. Rufi da katanga, in babu mai tsare doka, tarko ne: suna tara dukiyar gari a wuri guda, su kuma hana ta hanyar fita.

Abin da ya fi wutar ciwo shi ne rabon da ke biyo bayanta. Kafin gobara, mai tebur da mai shago da tsohuwa mai daddawa duk suna da wurin zama, ko da babu takarda. Bayan an gina sabuwa, sai a ce a kawo kuɗin ajiya, a kawo shaidar patanti, a kawo hoto. Mai ƙarfi ya karɓi shago uku, ma'aikacin da bai taɓa sayar da allura ba ya karɓi ɗaya da sunan matarsa ko ƙaninsa, ya ba da haya ninki biyu ga wanda asali wurinsa ne. Ma'aikata ƴan'uwana, ku gafarce ni, ba dukanku nake nufi ba, amma kun san ba ƙage nake yi ba. Mata masu kayan miya da ƙuli-ƙuli da fura, waɗanda su ne ke jawo jama'a kasuwa kowace rana, su ke ƙarewa a bakin titi, a bayan katanga, cikin rana, inda ake korarsu yau a karɓi tikensu gobe.

Wani zai ce, mu a Baudeta ina muka ga shago balle rabonsa? Kasuwarmu ta mako ce, rumfunan kara ne da inuwar gawo. Gaskiya ne. Amma tike fa? Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a watan Yuli na 2004, komin ta zama ita ke da alhakin kasuwa, kuma a ƙananan hukumomin karkara, bayan harajin kai, babu wata ƙofar kuɗi da ta kai ranar kasuwa: kuɗin zama, kuɗin dabba a kara, kuɗin mahauta, kuɗin tasha, kuɗin amalanke. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun bi kasuwannin Balleyara da Say da Gidan Rumji, abin da suka tarar kuwa ba zai ba kowa mamaki a ɗakin nan ba: ana karɓa, abin da ke isa asusu bai kai abin da aka karɓa ba, abin da ke dawowa kasuwa kuma ya fi ƙanƙanta. Mai karɓa sau da yawa sakayyar wahalar kamfe aka yi masa da littafin tike. Wani ya karɓi rabin kuɗi bai yaga takarda ba, mai biya ya ji daɗi ya ɗauka ya ci riba. Ribar ke nan da ta sa babu makewayi, babu famfo, babu mai shara, mahauta na yanka a ƙasa.

A watan Afrilu na 2024 an rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa jami'an riƙo. Ba wannan na zo tattaunawa ba. Ko zaɓaɓɓe ne ke zaune a kujerar magajin gari ko naɗaɗɗe, hannun da ke miƙo tike ranar kasuwa bai fasa miƙowa ba, saboda haka tambayar Shehu Magili tana nan inda take.

Sai maganar hanya, wadda ita ce ta karya Kurmi. Mun ga abin da rufe iyaka ke yi: daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da Najeriya ta rufe nata ɓangaren, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 lokacin takunkumi. Mun ga abin da karyewar sefa ta Janairun 1994 ta yi wa masu shigo da kaya, da abin da faɗuwar naira ke yi wa mai sayar da rago. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ku buɗe taswira ku duba: Tasawa ba ta kan layin, Mayahi ma haka. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar wake da riɗi da dabbobi daga Maraɗi, kamiyon da ke tsayawa a kasuwanninmu zai sake lissafi. Maraɗi ta san darajar wuri. Bayan ambaliyar 1945 ta tashi daga kwarin Gulbi ta hau tudu, ta shata tituna, ta ci gyaɗa, da gyaɗa ta ƙare bayan farin 1973 ta koma fiton kaya zuwa Najeriya. Alhazanta ba su jira wani ya yi musu tunani ba. Abin da zai sa mai saye ya baro kwalta ya shigo Baudeta shi ne ya san cewa tiyarmu ɗaya ce ba biyu ba, waken da ke bakin buhu shi ne a gindinsa, in kuma an cuce shi akwai wanda zai kai wa ƙara kafin la'asar.

Saboda haka, in an zo muku da zanen sabuwar kasuwa, ku karɓa da hannu biyu, amma ku nemi abubuwan da ba sa cin siminti. Ku nemi a rubuta sunan duk mai zama a kasuwa tun kafin a kafa harsashi, har da mai faifai da mai tabarma, a liƙa takardar a ƙofar ofishin magajin gari, a karanta ta da Hausa a rediyon gari, don kada ranar rabo a ga sunayen da ba a taɓa gani a rana ba. Ku nemi kowane tike ya zo da lamba, kada ku biya ko dala ba a yaga muku ba, ko da mai karɓa ɗan ƙanwarku ne. Ku nemi a rubuta a allo, a bakin kasuwa, abin da aka tara a kasuwar da ta wuce. Malamin lakwal na rubuta yawan yaran da suka zo aji kowace safiya, ban ga abin da zai hana mai karɓar haraji yin haka sau ɗaya a mako ba. Ku nemi a keɓe wani kaso sananne na wannan kuɗi ga kasuwar kanta, a sa wakilan ƴan kasuwa, maza da mata, cikin masu sa hannu kafin a taɓa shi, a fara da ruwa da makewayi da daɓen mahauta.

Ku ma alhazai akwai naku. Ba a neman gaskiyar asusu da hannun da ke ɓoye rabin kaya ranar ƙidayar patanti. Dillalan kara su yarda a rubuta sunansu da na mai dabba a kan kowane ciniki, yadda dillalin Kurmi ya yarda a sa sunansa cikin ƙunshi a 1824. A wannan zamani na satar shanu, wannan rubutu kariya ce ga dillali kansa kafin kowa.

Na ga shugabannin mahauta sun ɗaga hannu tun da na ambaci yanka a ƙasa, iyayenmu mata ma na ga suna magana a tsakaninsu. Sarkin fawa, a yi mini afuwa, a bar hajiyoyi su fara. Bismillah.